Yarinyar da Take Zama Kan Hannunta

Na daɗe ina koyar da ilimin halayyar yara, wato yadda yaro ke girma da yadda yake koyo, a wata jami'a da ke Abuja. Amma a Suleja nake zaune, kamar da yawa daga cikinmu da ke neman abinci a birnin tarayya suna kwana a nan. Cikin ayyukan da aka ɗora mini, wanda na fi so shi ne bin ɗalibai idan sun fita koyon aiki. Su firaktikal suke ce masa. Bayan sun sha karatu a aji, sai mu rarraba su makarantun firamare, su yi zango guda suna aiki da yara na gaske, mu kuma muna zagayawa muna ganin yadda suke yi. Da yake a nan nake, duk ɗalibin da aka turo wannan yanki ni ake ba wa. Abin ya yi mini daidai, don ranar zagaye ba ruwana da cunkoson motoci na Madalla a hanyar Abuja.

Wata shekara aka ba ni wata ɗaliba, matar aure mai 'ya'ya biyu. 'Yan Katsina ne, aiki ya kawo mijinta Abuja, suka kama haya a Kwamba. Ta yi shekaru tana koyarwa a firamare kafin ta dawo karatu. Tana da kaifin kai, tana kuma da saurin baki. In ka jefa tambaya a aji, kafin ka rufe baki ta ɗaga hannu, kuma sau da yawa amsar daidai ce. Irin waɗannan ɗalibai su suka fi ba ni tunani idan za su fita, domin aikinmu ba ya son wanda amsa ke riga shi isa wuri.

Aka tura ta wata firamare a Gauraka, can bayan layin masu abinci. Daga cikin aji kana jin hon ɗin tireloli a kan babban titin Kaduna. Na raka ta ranar farko, muka gaisa da hedimasta, ya haɗa ta da malamin aji biyu, wani dattijo da ya kusa ajiye aiki. Ajin cike yake maƙil, yara sun matse juna a benci, wasu na zaune a ƙasa kusa da allo. Kafin in tafi na ce mata, "Makonnin farko ba abin da za ki yi sai kallo. Ki zauna a baya. Kada ki gyara wa kowa komai, kada ki ba kowa shawara."

Ta ce, "Malama, ko na ga ana kuskure?"

Na ce, "Ko kin ga ana kuskure. Sai dai in rai ko lafiya ne."

Da na dawo zagaye, muka zauna ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a bayan ofis, inda ya zama wurin zamanmu har ƙarshen zangon. Ta fara ba ni labari da zafinta. Wane malalaci ne, wance sangartacciya ce, wane ba ya jin magana. Na bar ta ta gama, sannan na ce, "Lalacin nan da wane ido kika gan shi? Yaya kamanninsa?"

Ta ce yaron yana kifa kai a kan tebur da zarar an fara darasi.

Na ce, "To, wannan kika gani. Ya kifa kai. Ko lalaci ne, ko yunwa, ko zazzaɓi, ko tallan da ya yi kafin ya zo, ba ki sani ba tukuna. Ki kawo mini abin da idonki ya gani, ki bar sunan da za a sa masa."

Ba ta ji daɗi ba, na ga alama a fuskarta. Mace ce da ta saba riƙe aji, ga shi an mai da ita 'yar kallo. Amma ba ta yi gardama ba.

Zaman da muka yi bayan wannan, na lura tun daga yadda ta gaishe ni cewa akwai magana. Ta ce, "Malama, akwai wata yarinya. Ba zan ce komai a kanta ba, abin da na gani kawai zan faɗa."

Yarinyar ba ta wuce shekara bakwai ba. Malamin ajin ya ce ba ta gane karatu. Ba ta taɓa gama kwafar abin da ke allo ba kafin a goge, rubutunta kamar kaza ta bi kan takarda, in kuma aka tashe ta ta yi magana sai in'ina ta kama ta, yara su fashe da dariya. Ɗalibata ta ce, "Duk lokacin da aka ce a ɗauko fensir, sai ta ɗaga cinyarta ta tura hannun hagu a ƙasa, ta zauna a kansa. Haka take zama har a gama rubutu. In ta zaro shi sai ta yi ta yarfewa, don ya mutu. Na bi ta waje lokacin tara. Suna 'yar carafke da ƙawayenta, da hagu take cafe duwatsun, kuma duk ta cinye su. Da suka koma waƙa, ita ce ke bayarwa, ban ji in'ina ko sau ɗaya ba."

Na ce mu je in gani. Muka shiga ajin na zauna a baya kusa da ita. Yarinyar 'yar siririya ce, hijabinta ya yi mata yawa. Malam ya ce a ɗauko littafin rubutu, sai na ga kafaɗarta ta hagu ta sauka, hannun ya ɓace ƙarƙashinta. Ta damƙi fensir da dama kamar mai riƙe taɓarya, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa takarda. Komai kamar yadda aka faɗa mini, ba ƙari ba ragi. Tun a nan na fara jin daɗi a raina, amma ban nuna ba.

Da muka fito ta ce, "Bahaguwa ce, Malama. An hana ta ne. Gobe zan kira ta gefe in ba ta fensir a hagu mu gani. Kuma ina ganin shi ya jawo mata in'inar."

Na ce, "Biyu kika faɗa, bari mu ɗauke su ɗaya-ɗaya. In kika sa ta rubuta da hagu a makaranta, ta koma gida aka gan ta aka dake ta, wa ya jawo mata? Ba mu taɓa yaro sai da sanin iyayensa. Batun in'ina kuwa, wataƙila tsoro na ƙara mata ita, wataƙila da can tana da abarta. Ba mu sani ba. Kada ki je ki yi wa iyaye alkawarin abin da ba ya hannunki."

Ta fara da malamin ajin. Ashe ba shi ya ƙirƙiro abin ba. Ya ce ranar da aka kawo yarinyar makaranta, kakarta da kanta ta zo ta roƙe shi don Allah kada ya bar ta ta riƙe fensir da hagu. Shi kuma in ya ga hannun ya fito sai ya ɗan taɓa shi da rula. Daga baya ma ba sai ya taɓa ba, ita ta nemo wa kanta dabarar zama a kai. Ya ce, "Amana aka ba ni. In gida suka ce a bari, ni mene ne nawa a ciki?"

Uwar yarinyar tana aikin shara a wani ofis a Abuja, tana fita da sassafe, sai magariba take dawowa. Uban bakanike ne, garejinsa na bakin titi nan Gauraka. Hedimasta ya aika masa cewa za mu zo. A mota na ce wa ɗalibata, "Yau ni rakiya na zo. Gaisuwa kawai zan yi. Maganar taki ce daga farko har ƙarshe." Ta dube ni kamar za ta ce wani abu, sai kawai ta gyara mayafinta.

Mun same shi ya tura kai cikin injin wata bas, direban na tsaye a kansa yana ta duba agogo. Ya ɗago, ya goge hannu da tsumma, ya jawo mana benci, ya karɓo mana ruwan leda wajen mai shagon gefe. Bayan gaisuwa ya ce, "Hajiya, lafiya dai? Me ta yi?"

Ni ya tambaya, don ni ce babba. Na nuna masa ɗalibata da ido.

Ta ce, "Ba ta yi komai ba, Malam. Yarinyar kirki ce. Mun zo ne mu ji daga gare ka, don kai ka fi mu saninta."

Ta tambaye shi yadda take a gida, da wa take wasa, me take so. Ya saki jiki kaɗan, ya ce akwai ta da son waƙa, kuma ita ke tsefe wa ƙanwarta kai. Amma da aka zo kan batun hannu, ta gaya masa yadda yarinyar ke zama a kan hagunta a aji, sai ya ɗaure fuska. Ya ce, "Wannan tsohuwata ke kula da shi. Kuma gaskiyarta ne, hagu ba hannun arziki ba ne." Direban ya ce, "Oga, fasinja na jira fa." Sai ya juya ya koma kan injin, ya ce mu ci gaba yana jin mu.

Akwai wani noti da ya ƙi kwancewa. Ya sa sufana ya ja da dama, ya sake ja, abu ya ƙi. Ba tare da ya ma lura ba sai ya mai da sufanar hannun hagu, ya murɗa sau ɗaya, notin ya saki. Daga nan da hagun ya ci gaba da aiki, yatsunsa na tafiya cikin injin kamar suna gani.

Na gani. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi. Na saci kallon ɗalibata in ga ko ta lura, na ga idonta na kan hannun, amma bakinta a rufe. Wannan mace da ba a gama tambaya a gabanta, ta zauna shiru tana shan ruwanta. Ta bari ya gama, aka tada bas, direban ya ja motarsa ya tafi, mai shagon gefe ta shiga ciki. Sai da ya rage mu kaɗai, sannan ta rage murya ta ce, "Malam, zan yi tambaya, in ba ka so kada ka amsa. Kai ma da can bahago ne?"

Ya tsaya da tsumma a hannu. Ya dubi hannunsa, ya dube ta, sai ya yi wata 'yar dariya. Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ba kowa."

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya ce tun yana ƙarami tsohuwarsa ke naɗe masa hannun da ƙyalle in za shi makaranta. Ya koyi ci da dama, ya koyi karɓa da dama, amma rubutu ya gagare shi. Kullum shi ne na ƙarshe, kullum bulala. Yana aji huɗu ya ce shi ya gaji, aka kai shi gareji. "Nan ba wanda ya damu da hannun da ka riƙe sufana, in dai mota ta tashi. Har gobe in aka miƙo mini takarda aka ce in sa hannu, sai in ji gumi ya karyo mini."

Na jira in ji ta ce, to ka gani, abin da ake yi wa 'yarka ke nan. Da yawa cikin ɗalibaina haka za su ce, kuma da sun ɓata komai, don ba uban da ke son baƙuwa ta nuna masa laifinsa a wurin sana'arsa. Ita kuwa cewa ta yi, "Allah sarki. Ka sha wahala."

Ya daɗe yana kallon motocin da ke wucewa. Can ya ce, "Kin ce zama take yi a kansa?"

Ta ce, "E."

Ya ce, "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba." Ya goge fuska da gefen rigarsa. "Amma ni ba zan iya tunkarar tsohuwa da wannan magana ba. Sai dai ku zo ku faɗa mata, ina wurin."

Muka je ranar Asabar da hantsi, lokacin uwar yarinyar na gida. Kakar tsohuwa ce mai kwarjini, haifaffiyar cikin garin Suleja, tana zaune kan tabarma tana gyaran zogale. Ɗalibata ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta sa hannu cikin zogalen tana taya ta. Da aka buɗe maganar, tsohuwa ta ce, "'Yan boko ke nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu a gidanmu ba a ci da hagu, ba a miƙa wa babba abu da hagu. Mace ce fa. Gobe ta je gidan wani ta miƙa wa surukarta ruwa da hagu, wa za a zaga? Ni za a zaga."

Ɗalibata ta bar ta ta zazzage duk abin da ke cikinta. Sannan ta ce, "Iya, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, ni ma haka aka tarbiyyantar da ni, haka nake yi wa nawa. Ci da dama, sha da dama, miƙa abu da dama, ba mai taɓa wannan. Kin riga kin koya mata, kuma ta iya. Fensir kaɗai muke roƙo."

Tsohuwa ta ɗago ta ƙura mata ido. Ta ce, "To, Islamiyya fa? Da hannun da take tsarki za ta rubuta sunan Allah?"

Tambayar ta yi nauyi. Ɗalibata ta waiwayo ta dube ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon tabarma, don ban san abin da za ta ce ba, kuma na san in ta yi shaci-faɗi a nan an gama. Sai na ji ta ce, "Iya, wannan ya fi ƙarfin ilimina. Ba zan yi miki ƙarya ba. Akwai malamin da kika yarda da shi? A kai masa tambayar. Abin da ya ce, shi ke nan."

Tsohuwa ta ce wa ɗanta ya je ya tambayi limamin unguwarsu. Uwar yarinyar, wadda tun da muka zo ba ta ce uffan ba, ta rako mu har bakin mota. Ta kama hannun ɗalibata ta riƙe, ta ce ita ta daɗe tana ganin abin, amma ba ta da bakin magana a gaban surukarta.

Bayan 'yan kwanaki uban ya zo makaranta da kansa. Ya ce liman ya ce a ci gaba da kula da ci da sha, amma rubutu ba laifi ga wanda Allah Ya halitta haka. Tsohuwa ta yarda a gwada a boko. Islamiyya kuwa ta ce a bar mata tukuna, sai ta ga kamun ludayin abin. Ɗalibata ta so ta koma ta ƙara roƙo, na ce ta karɓi abin da aka ba ta.

Aikin da ya biyo baya ba mai armashi ba ne, amma shi ne aikin. Ta roƙi malamin ajin ya mai da yarinyar ƙarshen benci ta hagu, don kada gwiwar hannunta ta riƙa karo da ta maƙwabciyarta. Ta nuna mata yadda za ta karkata littafi, da yadda za ta riƙe fensir ba tare da ta shafe abin da ta rubuta ba. Suka koma kan baƙaƙe tun daga farko. Da fari rubutun ma ƙara lalacewa ya yi, don hannun bai taɓa koya ba, kuma yarinyar kan manta ta sake tura shi ƙarƙashinta da zarar malam ya nufo bencinsu. Ɗalibata ta zo mini ƙarƙashin mangwaro idonta ya yi ja. Ta ce, "Malama, in fa na tayar wa mutane da hankali a banza?"

Na ce, "Yana yiwuwa. Me kika gani wannan makon da ba ki gani ba wancan?"

Ta yi tunani. Ta ce yarinyar ta daina sunkuyawa har ƙasa, kuma jiya ta yi zanen kaza a bayan littafinta ba wanda ya sa ta.

Na ce, "To, ci gaba."

Kafin zangon ya ƙare ta fara gama kwafar allo tare da sauran yara. Ba ta zama ta ɗaya a aji ba, rubutun ma ba wani kyau ne da shi ba, amma ana karanta shi. In'inar ta ragu, ba ta tafi ba. Ɗalibata ta shawo kan malamin ya riƙa ba ta lokaci ta ƙarasa maganarta, ya kuma hana dariya. Shi da kansa daga baya ya gano wani yaro a ajin mai irin wannan matsala, ya je ya sami iyayensa bai jira kowa ba.

Bayan an gama firaktikal, na ba ta sakamakonta, ta koma jami'a ta ƙarasa karatu. An yi watanni ban ji daga gare ta ba. Wata ranar Juma'a da la'asar ina tsakar gida ina yanka kuɓewa sai ga wayarta. Bayan mun gaisa ta ce uban yarinyar ya kira ta. Mai gidan da suke haya ya ce zai yi gyara, sun tashi sun koma Garam, an sa yarinyar a wata makaranta can. Yana tsoron kada sabon malami ya ga hannun ya mai da hannun agogo baya, shi kuma bai san yadda zai yi bayani ba, ya roƙe ta ta raka shi.

Ta ce, "Na ce masa sai na tambaye ki, Malama, tunda yanzu ba a ƙarƙashin makaranta nake ba. Ya halatta in je?"

Na ce, "Uban ne ya gayyace ki?"

"Shi ne."

"Uwar ta sani?"

"Ta sani. Iya ma ta sani, har ta ce in biya ta gida in gaishe ta."

Na ce, "To, ki fara shiga ofishin hedimasta ku gaisa, ki bar uban ya yi magana da bakinsa, ke ki cike masa inda ya rage."

Ta ce, "Za ki zo?"

Na ce, "A'a. Me zan je yi? Ki je abinki. In kin dawo ki kira ni in sha labari."

Ta yi dariya, ta tambaye ni inda ake hawa motar Garam daga Suleja, don ba ta taɓa zuwa ba. Na kwatanta mata, na ce ta fita da wuri kafin rana ta yi zafi.